Mutumin Da Ya Sayar Da Sunayen Maƙwabtansa

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman tsari daga sharrin kawunanmu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya 'yan uwa, ku ɗan matso. Na bakin ƙofa ku shigo, akwai wuri. Yau ba littafi zan buɗe ba, labari zan ba ku. Kuma labarin nan da ni a cikinsa, a wurin da ba na alfahari da shi.

An yi wani mutum a garin nan namu na Dumyat. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Wanda ya gane shi ya bar wa cikinsa.

Ɗan shago gare shi daura da ofishin da ake karɓar katin shaida da takardar haihuwa. Injin kwafi ɗaya, tebur ɗaya, kujerun roba uku. Aikinsa ke nan: ya yi maka kwafin katinka, ya cika maka fom, ya manna hoto, ya nuna maka tagar da za ka bi layi. Kun san halin ofisoshinmu. Ko tari za ka yi sai an ce ka kawo kwafin kati, gaba da baya. Saboda haka babu gidan da takardunsa ba su bi ta hannun mutumin nan ba.

Kuma yana da daɗin baki. Tsohuwa ta miƙa masa kati, ya duba, ya ce, "Hajiya, wa ya yi miki wannan sharrin? Saba'in? Ni dai ban ga saba'in a nan ba." Ta ce, "Rufe min baki, ja'iri, ka yi aikinka." Kowa ya yi dariya. Idan talaka ba shi da canji sai ya ce ya je kawai. A Dumyat fa, inda duk ƙasar Masar ke yi mana ba'a cewa fam guda idan ya shiga hannunmu sai ya yi kuka kafin ya fita. Mutane suka ce lallai wannan ɗan albarka ne.

A sahun farko yake salla. Ni kaina, duk dattijon da ya zo min da takardar da ta ɗaure masa kai, sai in ce, je wurin wane, amintacce ne. Da bakina na faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Wata rana da hantsi wani baƙo ya shigo shagon, da riga a goge, da turare, da mota mai lambar Alƙahira. Ya ce a kira shi Injiniya. Ya jira har shagon ya yi sarari, sannan ya nuna kwandon shara.

"Waɗannan takardun da suka lalace, me kake yi da su?"

"Zubarwa."

"Kana zubar da abinci kana kukan yunwa. Duk kwafin katin da ya fito sarai, ni ina saye. Talla muke yi, sunaye kawai muke so."

Ya faɗi farashi. Kwafi ɗaya ya fi abin da mutumin ke samu a kan mutum hamsin.

Shin ya yarda cewa talla ce? Ya 'yan uwa, mutumin da ya shekara goma sha biyar a ƙofar wannan ofishi ya san abin da ake yi da kwafin kati. Bai tambaya ba ne don ba ya son jin amsar.

Shaiɗan ba ya ce maka ka faɗa rijiya. Cewa yake ka ɗan leƙa. Mutumin nan ya fara da matattu. Magada za su zo da katin mamaci saboda rabon gado, sai ya danna inji sau biyu maimakon sau ɗaya. Ɗaya nasu, ɗaya ya zame cikin durowa. Ya ce wa kansa, mamaci me zai same shi? Injiniya ya karɓa sau biyu, a na uku ya ce matattu ba sa amfani, rayayyu yake so. Sai ya koma kan tsofaffi, waɗanda ba sa karatu, waɗanda ba su da ɗa mai bin diddigi. Daga tsofaffi ya koma kan kowa.

Sannan aka ce kwafi kaɗai bai isa ba. Sai ya kafa takarda a ƙofar shago, wai ana rajistar tallafin masu ƙaramin ƙarfi, kyauta. Masunta suka zo, zawarawa suka zo, leburorin kafintoci suka zo. Kowa ya ba da kati, ya ba da lambar waya, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a ƙasan farar takarda, "za mu cika sauran daga baya." Suna fita suna sa masa albarka.

Me ake yi da sunayen nan? Ku saurara da kyau. Da sunanka za a sayi layin waya. Da layin za a buɗe asusun kuɗi na waya. Sannan wani mai laushin murya ya zauna a wani ɗaki ya kira wata baiwar Allah a can Kudu, ya ce daga banki yake, ana sabunta bayanai, idan ba ta karanto masa lambobin katinta ba yau za a rufe mata asusu. Ta tsorata ta karanto. Ya ce saƙo zai shigo yanzu, ta faɗa masa lambar da ke ciki. Ta faɗa. Kafin ta ajiye wayar an kwashe. Kuɗin ya sauka a asusun da ke ɗauke da sunanka, a cire shi cikin minti biyar, a karya layin a jefar. Idan ta kai ƙara, wa hukuma za ta nema? Mai laushin murya ba shi da suna. Kai ne mai suna.

Shekara uku mutumin nan yana wannan. Ya sake fentin shago, ya sayi mota, ya sa ɗansa a jami'ar kuɗi. Da aka yi gyaran wurin alwala a masallacin nan ya ba da gudummawa mai tsoka, na yi masa addu'a a lasifika. Allah ya yafe min.

To, a unguwarsu akwai wani dattijo, Usta Mitwalli, masassaƙi. Da yawanku kun zauna a kan kujerar da ya yi wa ado. Shekara arba'in da biyar yana fitar da fure da ganye daga jikin katako. Sunansa kawai ya iya rubutawa, shi ma da ƙyar. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ga Ka'aba da idonsa kafin ya mutu. Babbar 'yarsa Ibtisam, malamar lissafi a makarantar firamare, ita ta haɗa masa takardu ta biya masa Umra.

Mun raka shi har mota. An raba alewa, mata sun yi guɗa. A filin jirgin Alƙahira ya miƙa fasfo, ma'aikacin ya duba na'ura, ya sake dubawa, ya ce, "Baba, ɗan koma gefe." Abokan tafiyarsa suka shiga jirgi. Shi aka shiga da shi wani ɗaki, da haraminsa a cikin jaka.

Aka ce masa wata kotu a Suhaj, can Kudu, ta yanke masa shekara uku a bayan idonsa, kan laifin damfara ta waya. Ya ce, "Ɗana, Suhaj kuma? Ni ko Banha da ke kan hanyar Alƙahira ban taɓa wucewa ba sai yau. Wayata ga ta nan, ko hoto ba ta ɗauka." Suka ce wannan bayani ne na gaban alƙali.

Kwana ashirin da ɗaya ya yi a tsare kafin a ba da belinsa. Dattijo mai ciwon sukari, a ƙasa yake kwana tsakanin ɓarayi. Da ya dawo gida ba guɗa, ba alewa. Kuma kun san bakin mutane. A gidan shayi aka fara cewa ruwa ba ya tsami banza. Wani ya ce, dama ina masassaƙi ya samu kuɗin Umra? Masu shagunan da ke ba shi aiki suka ja baya. Ya daina zuwa masallaci, yana salla a ɗaki.

Ibtisam ta ɗauki lauya, Ustaz Girgis, mai ofis a saman kantin magani. Ya ce ta kawo kwafin komai. Ina za ta je ta yi kwafi? Shagon da kowa ke zuwa.

Mutumin nan ya karɓi takardun da hannunsa. Ya ga sunan Usta Mitwalli, ya ga hukuncin. Ya girgiza kai ya ce, "Innalillahi. Malama, duniya ta lalace. Kawu Mitwalli da ko ƙuda ba ya kashewa? Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan." Ta ce amin. Ya ƙi karɓar kuɗin kwafin.

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan. Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe masa. Ga wanda ya zalunta, ga 'yarsa a gabansa da jajayen idanu. Da ya rufe shago ya bi ta gida ya faɗi gaskiya, da ya ji kunya, wataƙila da an ɗaure shi, amma da ya tsira da wani abu. Me ya yi? Ya yi wa kansa mummunar addu'a da bakinsa, ya sa aka ce amin, da ta fita kuma ya danna inji sau biyu ga wanda ya biyo bayanta.

Aka koma kotu a Suhaj. Tafiyar yini guda ce a jirgin ƙasa, kuma sau biyar suka yi ta. A zama na biyu matar da aka damfara ta zo. Sunanta Zakiyya. Kuɗin da aka kwashe na aikin ƙodar mijinta ne, gona suka sayar suka tara shi. Mijin ya rasu kafin su sake haɗa wani. Shekara guda tana ɗaga hannu bayan kowace salla tana kai ƙarar Mitwalli wurin Allah, da sunansa da sunan ubansa kamar yadda aka rubuta mata. Da aka nuna mata shi a farfajiyar kotu ta yi kansa tana ihu. Ya ce, "'Yata, wallahi ban san ki ba." Ta tsaya cak. Ta ce, "Sake magana." Ya sake. Ta ce, "Ba wannan muryar ba ce. Wancan yaro ne, bakinsa kamar zuma." Ta zauna a ƙasa tana kuka, domin yanzu ba ta ma san wanda za ta kai ƙara ba.

Amma kotu takarda take bi, kuma takarda ta ce Mitwalli. Ustaz Girgis ya yi ta nema har aka kawo fayil ɗin da aka sayi layin da shi. A ciki akwai kwafin katin dattijon da wani sa hannu da ba nasa ba. Lauya ya ce za a nemi ƙwararru su gwada sa hannun, zai ɗauki watanni.

Ibtisam ta riƙe kwafin tana kallo. Malamar lissafi ce, ta saba duba abin da wasu ke tsallakewa. Ta ga wani siririn baƙin zane ya ratso daga kusurwar sama, ya ɗan lanƙwasa kamar ƙugiyar kamun kifi. Ta buɗe jakarta ta fito da takardun da aka yi mata kwafi kyauta. Zanen yana nan a kan kowace, wuri ɗaya, lanƙwasa ɗaya. Gilashin injin ne ya taɓa ƙarzuwa, duk takardar da ta bi ta kansa sai ta fito da tambarinsa.

Lauya ya ce, "Malama, wannan ya nuna inda aka yi kwafin. Bai nuna wanda ya sayar ba. Zai ce babanki ne ya yi kwafi a wurinsa ya kai wa wani."

Ta ce, "Idan mutum ɗaya ne. Idan mu ashirin ne fa?"

Ba ta je shagon ta yi hayaniya ba. Wurina ta zo, bayan la'asar, ta tsaya a ƙofar mata ta aiko a kira ni. Ta nuna min takardun, ta ce tana so in yi sanarwa ranar Juma'a: duk wanda aka taɓa kama shi ko aka aiko masa sammaci kan layin da bai saya ba, ya zo ya same ta.

Da na gane wanda take nufi sai raina ya ɓaci. Na ce, "Ki ji tsoron Allah, 'yata. Zato zunubi ne. Mutumin da ke sahun farko?"

Ta dube ni ta ce, "Ya Shehi, babana ma a sahun farko yake, shekara arba'in. Da aka yi masa zato a gidan shayi ban ji ka hau mumbari ka ce zunubi ba ne. Ban ce ka kama sunan kowa ba. Sanarwa kawai. Idan ba za ka yi ba, zan bi gida gida."

Ban yi ba. Na ce zan yi tunani. Ita kuma ba ta jira tunanina ba.

Da an tashi daga makaranta sai ta ɗauki jakarta. Ta bi shagunan kafintoci, ta bi kasuwar kifi, ta hau mota zuwa Izbatul Burj wurin masunta. Wasu suka rufe mata ƙofa, domin wanda aka taɓa kamawa ba ya son a sani. Wani ya ce mata, "Ke da ubanki ku ji da naku, kada ki jawo mana 'yan sanda." Mijinta ya ce ta isa haka, tana zubar musu da mutunci a titi. Ta ce, "Mutuncin da ya rage a cikin ɗaki yake, yana salla shi kaɗai. Shi nake so in fito da shi."

Ta farko da ta buɗe mata baki wata mai sayar da kifi ce, Sitt Ni'imat. Ta ce, "Sammaci uku aka kawo min daga Aswan. Ni da Aswan? Ko a talabijin ba na tsayawa in kalle ta. Na sayar da 'yan kunnena na ba lauya, ban gaya wa ko 'ya'yana ba." Ibtisam ta tambaye ta ko ta taɓa yin rajistar tallafi. Matar ta dafe ƙirji ta ce, "Wurin ɗan albarka? Har kifi na kai masa na gode."

Daga ranar suka zama su biyu. Sitt Ni'imat ba ta da karatu amma ta san kowa, kuma ba a rufe mata ƙofa, domin idan ka rufe za ta tsaya a waje ta kira sunan kakarka. Cikin wata bakwai suka tara mutum goma sha tara. Lauya ya nemo fayil goma sha ɗaya daga kotuna daban daban. Kowane kwafi da ƙugiyarsa a kusurwa. Ya tattara su ya kai wa mai gabatar da ƙara.

A lokacin ne na yi sanarwar. Ya 'yan uwa, na makara da wata bakwai, kuma zan amsa tambaya a kan wannan.

Shi kuwa mutumin, labari ya fara isa kunnensa. Mutanen unguwa suka rage zuwa. Injiniya kuma ya matsa masa lamba, yana cewa ai ya riga ya biya shi kuɗin kaya tun kafin ya kawo, ko ya cika ko ya ga abin da zai biyo baya. Wanda ya saba sayar da maƙwabci, idan maƙwabta suka ƙare wa zai sayar? Ya buɗe jakar matarsa ya ɗauki katinta. Ya ɗauki na surukarsa, tsohuwa mai shekara tamanin. Ya ɗauki na ɗansa da ke jami'a. Ya ce wa kansa sau ɗaya ne, kafin abu ya lafa.

Wata Talata da safe, layi ya kai bakin titi, motar 'yan sanda ta tsaya da takardar izini daga mai gabatar da ƙara. Suka buɗe durowa. Suka buɗe kwalayen da ke ƙarƙashin tebur. Kwafin kati fiye da dubu huɗu, an jera su unguwa unguwa, da fararen takardu masu sa hannu a ƙasa. Wayarsa ta biyu tana cikin kwalin tawada, da duk saƙonnin ciniki a ciki. Aka fito da shi da ankwa a gaban mutanen da ke riƙe da katunansu suna jiran ya yi musu kwafi.

Ya ce shi ɗan aike ne kawai, a kama Injiniya. Suka ce to, wane ne Injiniya? Sunansa? Bai sani ba. Gidansa? Bai sani ba. Lambar motar ta bogi ce. Layin da yake kiransa da shi kuwa, da aka bincika, da sunan wani masunci ne daga cikin waɗanda shi da kansa ya sayar. Shekara uku yana ciniki da mutumin da ba shi da suna, shi kuwa ga sunansa a allon shago da manyan haruffa.

Aka yanke masa shekara bakwai. Wata biyu bayan haka sammaci ya iso gidansa, ba nasa ba, na matarsa, daga wata kotu a Minya. Sannan na ɗansa. Yaron yana shekarar ƙarshe, yana karatun aikin banki. Wane banki zai ɗauki mai irin wannan fayil, ko da an wanke shi daga baya? Matar ta je gidan yari sau ɗaya tak. Ta ce masa, "Na ci haram a hannunka ban sani ba, wannan tsakanina da Allah. Amma uwata? Ɗanka?" Ta nemi saki, kotu ta ba ta. Aka sayar da mota, aka sayar da shago, kuɗin lauyoyi da diyya suka cinye.

An wanke Usta Mitwalli. Ranar da takardar ta fito, Ibtisam ta riƙo hannunsa ta kawo shi har ƙofar masallacin nan. Amma kafin nan ɓarin jikinsa na dama ya riga ya shanye. Hannun da ya yi shekara arba'in da biyar yana sassaƙa ko kofin shayi ba ya iya riƙewa.

Bayan shekara guda mutumin ya aiko daga gidan yari yana son ganina. Na je. Da ƙyar na gane shi. Ya ce ya tuba, yana azumi, yana tsayuwar dare. Ya ce, "Ya Shehi, Allah zai karɓa?"

Na ce masa abin da ke tsakaninka da Allah, ƙofarsa ba ta rufuwa. Amma haƙƙin bayi sai bayi sun yafe. Na ba shi takarda da biro na ce ya rubuta min sunayen waɗanda ya zalunta, ni zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta tara. Ya tsaya. Ya yi ta juya biron. Ya ce, "Ban san su ba. Ban karanta sunayen ba, ƙirga su kawai nake yi." Waɗannan ma masu katin ne. Waɗanda aka kira a waya aka kwashe musu guminsu, daga Iskandariyya har Aswan, ko ɗaya bai taɓa jin sunansa ba.

Ta ina mutum zai nemi yafiyar wanda bai sani ba?

Na ɗauki sunan farko na tafi gidan Usta Mitwalli. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ibtisam ta ce, "Baba, ba dole ba ne." Dattijon ya ɗago ya dube ni. Maganarsa ta yi nauyi tun ciwon, sai an kasa kunne. Ya ce, "Kwana ashirin da ɗaya na yafe. Hannuna na yafe, dama na kusa ajiye aiki. Ina so in je wa Ubangijina ba kaya a kaina. Amma matar nan ta Suhaj, shekara guda tana kiran sunana a sujada, ga mijinta a kabari. Wannan ba nawa ba ne da zan yafe. Ka ce masa ya je ya tambaye ta."

Na rubuta wa Zakiyya wasiƙa. Har yau ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai fasa gidan kowa ba. Bai zare wa kowa wuƙa ba. Yatsa ɗaya ya danna sau biyu. Duk wanda ke zaune a nan da katunan mutane ke bi ta hannunsa, a ofis ne, a asibiti ne, a shagon waya ne, a wurin ɗaukar ma'aikata ne, ya sani amana aka ba shi, kuma za a tambaye shi a kan kowane suna. Wanda aka ce ya ba da aron katinsa ko asusunsa a sa kuɗi ya wuce a ba shi lada, ya sani wuyansa ya ba da aro.

Mu kuma da muke miƙa katin, tawakkali ba sakaci ba ne. Idan za ka ba da kwafi, ɗauki biro ka rubuta a kan fuskarsa wurin da za a kai shi da dalili da kwanan wata, yadda ba zai yi amfani a wani wuri ba. Ka tsaya a kan inji ka ga sau nawa aka danna. Wanda ya lalace ka karɓe shi ka yaga da hannunka. Kada ka ji kunya. Kunyar minti ɗaya ta fi kwana ashirin da ɗaya a tsare sauƙi. Farar takarda kuwa, ko ni na ce ka sa hannu a kanta, ka ce a'a.

Idan waya ta yi ƙara aka ce daga banki ne, a yi sauri, za a rufe, to saurin nan shi ne alamar ɓarawo. Banki ba ya tambayar lambar sirri. Kashe wayar, sa takalminka, je ka tambaya ido da ido. Lambar da ta shigo maka a saƙo mabuɗin ɗakinka ce, ba a karanta wa kowa ita. Ku koma gida yau ku faɗa wa iyayenku mata wannan, ku maimaita har su gaji da ku. Wannan makon kowa ya je kamfanin wayarsa da katinsa ya tambaya layi nawa ne da sunansa. Ni na je. Uku na tarar, ɗaya ne nawa.

Wanda kuma abin ya riga ya same shi, kada ya ɓoye. Ɓoyewar da Sitt Ni'imat ta yi ita ta ba azzalumi ƙarin shekara. Ba kai ne ka yi abin kunya ba. Ka kai ƙara, ka faɗa wa maƙwabcinka, ka zo nan ka same ni. Wannan karon ba zan ce sai na yi tunani ba.

Ya Allah, ka tsare mana sunayenmu da guminmu daga hannun maciya amana. Ka tsare hannayenmu daga haƙƙin wanda ba za mu iya samunsa mu roƙe shi ba. Ka ba Usta Mitwalli lafiya, ka sanyaya zuciyar Zakiyya, ka saka wa wadda ta ƙi yin shiru da alheri. Wanda ke da irin wannan durowa a cikinmu, ka ba shi ƙarfin buɗe ta da kansa tun kafin a buɗe masa.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye na bayanmu. Ku tashi mu yi salla.